Tun da aka tashe mu daga ƙauye Baba bai sake lafiya ba

"Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a yankin Birnin Gwari, muka dawo Rigasa muna haya. Mahaifinmu ya kusa shekara 70, manomi ne, a can shi ke raba gardama in an samu saɓani. Tun da muka zo ya zama wani iri. Ba ya barci, abinci sai an yi da gaske, kullum ciwon kai da ciwon jiki, yanzu an ce yana da hawan jini alhali da can ba mu san shi da shi ba. Yakan wuni a ƙofar ɗaki bai ce uffan ba, in ya buɗe baki to zancen komawa gida ne. Mahaifiyarmu kuwa ta ware, har ƙosai take sayarwa. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce iska ce. Shin tashin da aka yi mana ne ya jawo masa wannan? Kuma me za mu yi masa?" Daga wata mai karatu a Rigasa, Kaduna.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya mayar muku da mafi alherin abin da kuka baro. In na fahimce ki, kina so ki san ko raba mutum da mahaifarsa ba da son ransa ba na iya zama ciwo na gaske, wanda za a auna a gani, kuma kina mamakin yadda abin ya kayar da Baba ya bar Inna a tsaye. Amsar ta farko ita ce e, yana iyawa, kuma a ɗakin da nake duba masu fama da damuwa a nan Kaduna da wuya mako ya wuce ban ga irinsa ba. Sai dai ki riƙe cewa ban ga Baba ba, ban auna shi ba. Abin da zan faɗa haske ne na inda za ku nufa, ba zai maye gurbin kai shi gaban likita ba.

Ci-rani daban, tashin dole daban

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Ɗan ci-rani yakan bar gida da kaka, ya kwana a shago ko a tasha, ya ci wahalar da ta fi ta gidan haya a Rigasa, amma ya dawo da ƙiba. Dalili kuwa shi ya zaɓi tafiyar, ya san ranar komawa, ya kuma san gida na nan yana jiransa. Wanda aka tasa da bindiga babu ko ɗaya daga cikin ukun nan a hannunsa. Bai shirya ba, bai yi sallama da kowa ba, wataƙila ya bar dawa a gona ba a yanke ba, kuma babu mai iya gaya masa ranar da zai koma. A cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, abin da na ga ya fi cin mutane shi ne an ƙwace musu ikon yanke shawara a kan rayuwarsu. Nisan tafiyar ba shi ne ma'auni ba. Na ga wanda rusau ya ɗauke shi daga wannan layi zuwa wancan, tafiyar minti goma, amma ya rame kamar wanda aka kai wata ƙasa.

Garin nan ya san wannan ciwo tun kafin zuwanku. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, dubban iyalai sun tsallaka kogin Kaduna, Musulmi suka koma arewacinsa, Kirista suka koma kudancinsa, maƙwabtan shekara talatin suka rabu ba sallama. Bayan rikicin zaɓen 2011, waɗanda suka tsira daga Zonkwa da kewayenta sun daɗe a sansanin alhazai na Mando. Yanzu kuma ga mutanen Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru. Har yau nakan haɗu da dattijon da in ya tashi ba ni labarin ciwonsa sai ya fara daga "shekarar da muka baro unguwarmu", ko da kuwa an haura shekara ashirin.

Masana sun daɗe da lura da haka. A ƙarshen shekarun 1950 aka rushe wata tsohuwar unguwar talakawa a birnin Boston na Amurka, sai wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Marc Fried ya bi sawun waɗanda aka tasa. Ya tarar kusan rabin matan da fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazan suna cikin baƙin ciki mai tsanani, irin na wanda aka yi wa mutuwa, alhali babu wanda ya harbe su, wasunsu ma gidajen da suka koma sun fi na da kyau. A Afirka, Elizabeth Colson da Thayer Scudder sun shafe shekaru da dama suna bibiyar ƙabilar Tonga, mutum kusan 57,000 da aka tasa saboda madatsar ruwa ta Kariba a kan kogin Zambezi. Suka ce wahalar tashin dole ta fuska uku take zuwa lokaci ɗaya: ta jiki, ta zuciya, da ta rushewar zaman jama'a, inda shugabanni ke rasa bakin magana. Mu ma a nan an tashi mutum kusan 44,000 saboda madatsar Kainji da aka kammala a 1968, har aka gina Sabuwar Bussa. Game da wuraren da ake tashin hankali kuwa, ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Ki juya lissafin ki gani: huɗu cikin biyar suna tsallakewa. Inna tana cikinsu, kuma Baba ma yana iya komawa cikinsu.

Yadda tunani ke zama ciwon jiki

In mutum ya tsorata, jikinsa kan saki sinadaran shirin gudu ko faɗa, adiranalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su matse, suga ya hau, yunwa ta ɗauke, barci ya gudu. Wannan rahama ce a daren da aka kawo hari, da ita kuka tsira. Matsalar ita ce in fargabar ba ta kwanta ba. Wanda ke kwana yana lissafin kuɗin haya, yana sauraron ƙarar kowane babur, yana jiran labarin wa aka sace yau a gida, jikinsa bai san an baro daji ba. Wata da watanni a haka, sai naman wuya da na baya su ɗaure, kai ya riƙa sara, ciki ya riƙa zafi. Shi ya sa in Baba ya ce jikinsa na ciwo, gaskiya yake faɗa. Dattijon Bahaushe ba zai zauna gaban 'yarsa ya ce "ina cikin baƙin ciki" ba. Zai ce kansa ya yi nauyi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki, ko ƙirjinsa ya cushe. Da wannan harshen nasu muke gane su.

A kan hawan jinin zan ɗan taka burki. Mai yiwuwa ne Baba ya daɗe da shi, ba a dai taɓa aunawa ba, don ciwo ne da ba ya sallama, kuma a wannan shekaru ya zama ruwan dare. Amma ƙaurar tana iya tsananta shi ta hanyoyin da ba a kula da su. Mutumin da ke taka kilomita da yawa zuwa gona kullum yanzu yana zaune. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawa sun koma taliya da burodi da ɗanɗanon miya mai gishiri. Sannan ga wanda na fi zargi a irin wannan hali, wato haɗin kemis. Tsoho ya ce jikinsa na ciwo, yaro ya ruga ya karɓo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, yawanci da diklofenak ko ibufurofen a ciki. Shan su kullum yana tayar da jini, yana cin ƙoda, yana kawo gyambon ciki. Na sha ganin dattijon da aka ƙara wa maganin hawan jini har kashi uku, ashe ledar da ke aljihunsa ce ke warware aikin.

Me ya sa shi, ba Inna ba

Nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau, don a nan maganin yake ɓoye. Inna ta taho da sana'arta a hannunta. Kasko da wake da wuta duk inda aka je ana samu. Da asuba tana da dalilin tashi, yara na zuwa saye, maƙwabta sun san sunanta, ta shiga adashi, ana kiranta biki da suna. Ɗawainiyar gida da ta saba ita ma ta biyo ta. Baba kuwa komai nasa a ƙasa yake kafe. Ba a ɗaukar gona a ka, ba a ɗaukar rumbu. Girman da yake da shi na mai raba gardama yana zaune ne a zukatan mutanen da suka san ubansa da kakansa, ga shi sun watse, wasu Buruku, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu ƙasa ta rufe su. A Rigasa shi wani tsoho ne kawai a ƙofar ɗakin haya, wanda yaro kan wuce bai rusuna ba. Mutumin da ya ciyar da gida shekara arba'in daga rumbunsa yanzu yana jiran 'ya'yansa su auno masa mudu. Ku kuna ganin kun hutar da shi. Shi kuwa yana ganin an gama da shi.

Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa. Da yawa daga cikin dattawan da nake gani suna ɗauke da kunyar cewa sun kasa kare iyalinsu, ko sun gudu sun bar gawar ɗan'uwa ba su yi mata sutura ba, ko sun bar kushewar iyayensu a hannun ɓarayin daji. Wani dattijo sai a zuwansa na huɗu ya gaya mini cewa abin da ke hana shi barci shi ne tunanin inda za a binne shi. Tsoron mutuwa bai dame shi ba. Ba ya dai so a kai shi maƙabartar da babu nasa ko ɗaya.

Kada kuma warewar Inna ta rufe muku ido. Mata da yawa sukan riƙe gida da ƙarfin hali shekara biyu ko uku, sai abubuwa sun lafa sannan nasu ya fito. A auna jininta ita ma.

Tsufa ne ko iska?

Tsufa shi kaɗai ba ya sa mutum ya daina magana da cin abinci. Abin da kika zayyana, in ya wuce mako biyu yana nan kusan kullum, ya fi kama da ciwon damuwa mai tsanani, kuma yana da magani a kowace shekara. In kuma yana firgita cikin barci, yana zabura in an buga ƙofa ko babura sun wuce, yana ganin abin da ya faru kamar yanzu ake yi, to akwai larurar firgicin da ke biyo bayan masifa. Ciwon mantuwa na tsofaffi shi ma yakan bayyana bayan ƙaura, don a ƙauye ƙafarsa ta haddace hanya, a sabon wuri kuwa asiri ke tonuwa. Alamarsa ɓata a hanyar masallaci, maimaita tambaya ɗaya, rikita sunayen jikoki. Damuwa tana iya kwaikwayon mantuwa, bambance su aikin likita ne.

Kafin a ce ko ɗaya daga ciki, sai an duba jiki. Ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, tarin fuka, duk suna sa rama da kasala. Kumburin furostet, wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ke yawan samun tsofaffi, yana tashin mutum fitsari sau biyar a dare, a ce ba ya barci. Na taɓa karɓar wani tsoho da aka kawo wai ya daina kula mutane, ashe kunnensa ne ya yi nauyi, hayaniyar gari ta sa ba ya tsintar magana, sai ya zaɓi shiru.

Batun iska kuwa, ba na faɗa da addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. A yi masa tofi, a karanta masa Alƙur'ani, zuciya na samun natsuwa da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri da hayaƙin da ke shaƙe tsoho, ko a ce ya ajiye maganin asibiti. Kuma kada wani ya ce masa raunin imani ne. Ya zo a hadisi ingantacce daga Nana A'isha cewa da aka yi hijira zuwa Madina, Sayyidina Abubakar da Bilal sun kwanta zazzaɓi, Bilal yana ambaton kwaruruka da ruwayen Makka saboda bege, har Manzon Allah (SAW) ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Nakan karanta wa dattawa wannan, sai in ga kafaɗarsu ta sauka.

Abin da za ku yi

Ku fara da asibiti mafi kusa, a auna jini da suga da yawan jini da ƙoda, a saurari ƙirjinsa. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, sai an ga yana kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban. In an ɗora shi a kan magani, ba a dainawa don an ji sauƙi. Daga nan ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, akwai kuma asibitin koyarwa na Barau Dikko. Na san sunan Barnawa kaɗai na sa mutane ja da baya, ana cewa wurin mahaukata ne. Mafi yawan masu zuwa ganinmu da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi magani su koma kasuwa. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an warke. Kada ku saya masa Valium ko wata ƙwayar barci da kanku. Tana sa tsoho jiri ya faɗi ya karye, tana rikita shi, jiki kuma yana sabawa da ita. Goro da shayi mai kauri bayan la'asar a rage.

Amma zan gaya miki gaskiya, ƙwaya ba ta mayar wa mutum matsayinsa. Wannan aikinku ne, kuma ya fi nawa girma. Ku mayar masa da wani abu da zai zama nasa, wanda in bai tashi ya yi ba zai lalace. Wani dattijo da na daɗe ina fama da shi, magani ya gyara masa barci amma bai dawo da maganarsa ba, sai da ɗansa ya sayo tunkiya biyu daga Zangon Tudun Wada ya ɗaure a bayan ɗaki ya ce, "Baba, ni ban iya kiwo ba." Zuwansa na gaba ya cika ni da ƙorafin tsadar dusa da harawa. Ranar na san mun haye. In da hali, ku karɓar masa aron 'yar gona a bayan gari inda ake da aminci, ko da kadada ba ta cika ba, ko ya shuka alayyafo da yakuwa a buhuna. Kuɗin cefane ku riƙa damƙawa a hannunsa shi ya ba Inna, kamar yadda aka saba. Zancen auren ƙanwarki ko makarantar jikoki ko sauya gida, a kai gabansa a jira ta bakinsa, ban da a gama a sanar da shi.

Ku nemo masa mutanensa. Rigasa cike take da 'yan yankinku, kuma tsoho ɗaya da ya san sunan gonarsa ya fi masa baƙi ɗari masu kirki. Ku kai shi majalisarsu, ku sa masa kati ya kira waɗanda suka watse. Ku gabatar da shi ga liman da mai unguwa da cikakken matsayinsa, ku ce wannan shi ne mai sulhu a garinmu. In ya fara zancen gida kada ku katse shi da "Baba a yi haƙuri, ya wuce". Ku bar shi ya faɗa, jikoki su zauna su ji sunayen fadamu da tsofaffin iyakokin gonaki, wani ma ya rubuta, don ranar komawa za a nemi wannan ilimin. Labarin daren harin ne kaɗai ba a matsa masa ya bayar, sai in shi ya kawo.

Zancen komawa ba zan yanke muku ba, sha'anin tsaro ba fannina ba ne, mutanen da ke can sun fi ni sanin halin da hanya take ciki. Abin da zan roƙa shi ne kada ku yi masa alkawarin ƙarya, irin "bayan salla za mu koma", don kowace sallar da ta wuce sabon rauni ce. Kada kuma ku ce masa har abada. Ku gaya masa abin da kuka sani, ku sa shi cikin masu bibiyar labari da yanke shawara. Ku kuma sani cewa waɗanda suka koma ba duka suke samun abin da suka bari ba. Na ga wanda ya matsa aka mayar da shi, ya tarar da kango da ciyawa, ya dawo ya fi da lalacewa. In lokacin ya yi, ziyarar wuni ɗaya tare da 'ya'yansa ta fi kwashe kaya gaba ɗaya.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana rarraba kayansa yana sallama, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata, ku kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Haka in ya ƙi ruwa da abinci gaba ɗaya, ko ya rikice farat ɗaya bai san inda yake ba, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe. Ukun ƙarshen nan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, awa ɗaya tana da daraja.

Ranar da za ku je, ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da wanda yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Wanda ya fi kwana kusa da shi ya raka shi, don shi zai faɗi yadda darensa ke kasancewa. In an shiga, ku yi bayaninku ku fita ku ba shi wuri, akwai maganar da ba zai yi a gabanki ba. Kuma kada ku ce masa za a kai shi likitan ƙwaƙwalwa a matsayin hukuncin da kuka yanke. Ki durƙusa ki ce, "Baba, rashin barcin nan ya dame mu, akwai likitan da ya san kansa, ko za ka yarda mu je?" Ki bar shi ya zaɓi ranar.